Kafaɗar Hagu

Zuwa ga ɗiyata, 'yar gidan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana shiga. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Tunda makarantarku ta hana ku waya sai ƙarshen zango, dole ki haƙura da rubutuna na allo.

Kin ce kin rikice: malaminku ya lissafa hanta da saifa cikin kayan ciki, ke kuwa a hoto kin gan su a bayan haƙarƙari. Kada ki ji kunya. Duk shekara ɗalibaina na ajin kimiyya a nan suke tuntuɓe. Mutane sun ɗauka inda haƙarƙari ya ƙare, nan ƙirji ya ƙare. Ba haka ba ne.

Ki ɗauki gangar jiki kamar gida mai bene. A sama akwai huhu biyu, kowanne cikin jakarsa, zuciya a tsakaninsu ta ɗan karkata hagu. A ƙasa akwai hanta, tumbi, saifa, hanji da sauransu. Abin da ya raba sama da ƙasa wata faffaɗar tsoka ce, mu kira ta shamaki, ita ce ke jawo mana numfashi. To, shamakin nan ba a shimfiɗe yake ba. Kamar kwano yake a kife, bayansa ya tashi har kusan saitin nono. Saboda haka haƙarƙarin ƙasa ba huhu kaɗai yake gadi ba. 'Yan hayar ƙasa ma suna fakewa a bayansa.

Kafin in manta, jiya babanki ya zamo daga tsani a gidan da yake yi wa fenti, gefensa ya daki bakin bokiti. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ƙarasa bangonsa. Yau da safe na leƙa na tarar yana kukan kafaɗa. Kin dai san kafaɗar nan, ta girme ki. Mamanki ta ɗauko man zafinta tana murza masa kamar kullum, shi kuma yana cewa a gaya miki ki yi maza ki gama karatu, ya gaji da hannun da ya fi dacewa da kwance tayar mota.

Mu koma kan saifa. Hanta tana dama, ita kuwa tana hagu, can wajen baya, ta jingina da shamaki. Laushi gare ta, cike take da jini, shi ya sa duka a haƙarƙarin ƙasa na hagu yake iya tsaga ta ko da ƙashi bai karye ba, jinin ya yi ta tsiyaya a ciki ba wanda ya gani.

Ina rubuta wannan na tuna wani abu. Kafaɗar da mamanki take murzawa ɗazu ta hagu ce. Babanki kuwa da dama yake riƙe buroshi, ta dama ce ta saba damunsa.

Zan dakata a nan, in koma gidanku.

Taki,
Gwaggo

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Zan fara da abin da ya fi muhimmanci: babanki yana raye, yana asibiti, ya fara cin abinci, har ya fara ƙorafin cewa wanda ya yi fentin ɗakin bai san aikinsa ba. Wasiƙar farko ban aika ba sai yau, na haɗo miki su tare don kada ki karanta rabin labari.

Da na koma na same shi zaune a kujera. Mamanki ta ce ya kasa kwanciya, da ya miƙe sai kafaɗar ta ƙara tsanani. Goshinsa da zufa, leɓɓansa sun yi fari. Na ce mu tafi asibiti, ya ƙi. Ya ce mai gidan yana jiran aikinsa, kuma da a ce duk faɗuwa daga tsani sai an ga likita, da tuni an ba shi ɗaki a can. Ya ƙara da cewa tun muna yara nake mayar da kowa ɗalibina. Wannan kam gaskiya ne.

Na ga idan na tsaya yi masa darasin saifa za mu wuni. Sai na ce to na haƙura, ya tashi ya raka ni bakin ƙofa kamar yadda ake raka babbar yaya. Ya miƙe yana dariya. Bai kai ƙofar ba jiri ya ɗebe shi, ya dafe bango. Mamanki ba ta ƙara jiran izinin kowa ba, ta ajiye man zafin ta fita ta kira maƙwabcinku mai mota.

A asibiti suka ɗora masa na'ura a ciki, suka ga jini ya taru a ƙarƙashin shamaki ta hagu. Saifar ta tsage. Suka shiga da shi tiyata suka cire ta, aka ƙara masa jini. Likitar ta ce mun zo a kan gaɓa. Mutum yana rayuwa ba saifa, sai dai za a yi masa allurar rigakafi, kuma daga yanzu ba zai riƙa raina zazzaɓi ba. Wannan aikin na bar miki, ke yake jin maganarki.

Za ki tambayi abin da ya haɗa saifa da kafaɗa. Jijiyar da ke kula da shamaki daga wuya ta sauko, kuma a wuri ɗaya suke shiga laka da jijiyoyin saman kafaɗa. Idan jini ya dami shamaki, saƙon yana isa ƙwaƙwalwa ta ƙofar da saƙon kafaɗa yake bi, sai ta ɗora laifin a kan kafaɗa. Mamanki tana ta zargin kanta. Na ce mata ta daina. Ta yi shekaru tana murza kafaɗar mutumin nan tana samun sauƙi. Wa zai tsaya duba wacce ce aka miƙo masa?

Kada ki taho kafin jarrabawa. Shi ma haka ya ce.

Ga abin da za ki yi idan kin gama karantawa. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki sa yatsunki a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ki danna a hankali, ki ja numfashi mai zurfi. Za ki ji cikinki ya taso, wato shamaki ne ya sauko. Saifar kuwa ba za ki taɓo ta ba. Kada ki yi ta lalube, haka ake so. Lafiyayyar saifa ba ta leƙowa.

Babanki yana sa miki albarka.

Taki har kullum,
Gwaggo