Ƙasusuwan Lambros

Zuwa ga yayata Garifaliya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da mai gidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya. Sanyin tafki ya fara shigowa gari, masunta na ta ƙorafi kamar kullum.

Yaya, shekara uku ta cika da rasuwar ɗana Lambros, kuma ofishin magajin gari ya aiko cewa hayar kabarinsa ta ƙare. Kin san yadda ake yi: a tone, a wanke ƙasusuwan da giyar inabi, a sa a akwati, kabarin kuma a ba wani. Wanda sunansa ke cikin takardar makusantan mamaci shi ke da iko da akwatin. Mimoza, matar da ya kwaso daga Albaniya kamar matan Girka sun ƙare, ta fara cewa wai a ajiye shi nan cikin gari, kusa da ita da yaron. Ni kuwa ƙauye zan kai shi, gefen ubansa.

Na je ofishin. Layi har kan matakala, amma da ɗan gari akan ci gari. Fotini ce a taga, wadda na riƙe ranar baftismarta a coci, shi ya sa take ce min Nona. Ta duba rajistar iyalinmu, ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Nona, ai ɗanki tuzuru ne a nan." Ashe can tsallaken iyaka suka yi auren, can aka haifi Kosmas, kuma Lambros da lalacinsa bai taɓa kawo takardun an shigar ba. Ta ce in rubuta cewa ya mutu ba mata ba ɗa, shaidu biyu su sa hannu. Mai burodi da maƙwabcinmu suka sa, ko karantawa ba su yi ba.

Talata za a tone. Mimoza kuwa na ce mata sai bayan Ista. Kar ki yi min wa'azi, ni na haife shi.

Ƙanwarki,
Stamatiya

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki da kyau. Maganin da kika aiko ya iso, na gode.

An gama. Ƙasa ta sake shi tas, Yaya, ƙasusuwan nan sun fito launin zuma, har fadan cocinmu ya ce alamar mai kyakkyawan hali ce. Da hannuna na wanke shi, na sumbaci goshinsa, na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza saboda kururuwar waccan. Kafin la'asar yana ɗakin ƙasusuwa na ƙauye.

Da yamma Mimoza ta je kabarin da kwalbar man fitila, kamar yadda take yi kullum tun da aka binne shi, ta tarar da rami a buɗe. Mai gadi ya tura ta ofis. Fotini ta ba ni labari muna shan kofi. Taga ta ɗaya ta tura ta ta huɗu, ta huɗu ta ce sai ta kawo takardar aure da hatimin ofishin jakadanci, mai hatimi kuma yana hutu. Da ta iso gaban Fotini, sai Fotini ta tambaye ta, "Ke wace ce tasa? Ba ma buɗe wa bare rajista."

Rana ta uku ta zo ƙofata riƙe da hannun Kosmas. Ta rame, abin ma bai yi mata kyau ba. Ta ce, "Mama, ki faɗa min inda yake. Ba zan taɓa shi ba, fitila kawai zan kunna masa." Na ce, "'Yar nan, ni me na sani? Je ki ofis, su ke da littafi." Na miƙa wa yaron alewa, ya kalli uwarsa, bai karɓa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Taki,
Stamatiya

Yaya Garifaliya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ta tafi. Motar safe ta shiga, ta tsallake iyaka, ta tafi da Kosmas. Mai gidan hayarta ne ya kawo min makulli don in kwashe sauran kaya, ko sallama ba ta bari ba. Yaron nan sunan mijina ne da shi, kunnuwan Lambros ne da shi, kuma ni na koya masa jefa wa agwagin tafki burodi. Lauya ya ce kaka tana da haƙƙin ganin jikanta, in dai kawo takarda daga ofis mai nuna cewa jikana ne.

Na je, na kai wa Fotini gwangwanin zuma. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wane jika kuma, Nona? Ga hannunki, ga na shaidu: ba mata, ba ɗa." Na ce a gyara mana. Ta sunkuyo ta ce, "In aka gyara, da ni da ke da mai burodi duk kotu za mu kwana. Ina da 'ya'ya." Ta ture zumar gefe, ta kira na bayana.

Na ji an ce kina da lambar Mimoza. Kar ki ce ni na tambaya, kuma kar ki gaya mata inda Lambros yake. Ki dai ce ta turo miki hoton yaron.

Ranar Asabar na je ƙauye da dafaffiyar alkama ta sadakar mamata, na zauna gaban akwatin har man fitila ya ƙare. Babu wanda ya shigo. Lambros nawa ne ni kaɗai, Yaya, kamar yadda takarda ta ce.

Ƙanwarki,
Stamatiya