Ƙorafin Tanimun Mai Ƙanƙara Kan Matakin Babur Ɗinsa

Zuwa ga:
Mai girma Magajin Garin Dogarawa,
Gundumar Malbaza, Jihar Tawa.

Daga:
Tanimun Alkasum, mai sayar da ƙanƙara, mazaunin Dogarawa,
ta hannun maƙwabcinsa Zakariya'u Hakim, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko.

Litinin, 10 ga Afirilu, 2023.

Game da: Kwance matakin ƙafa da amortisar gaba daga babur ɗin mai ƙorafi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da barka da shan ruwa, mai ƙorafi yana roƙon izinin gabatar da kukansa kamar haka:

1. Tanimun magidanci ne, da mata ɗaya, Wasila, da 'ya'ya huɗu. A shekarar 2019 ya faɗo daga kan tirela yana lodin albasa, gwiwarsa ta hagu ta karye. An ɗora, ta warke, amma ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa sai kaɗan. Noma ya gagare shi, dako ya gagare shi. Ya kama sarin ƙanƙara a Konni, yana naɗe ta cikin buhu da dusar katako, yana kai wa ƙauyukan da babu wuta.

2. Ƙanƙara ba ta jiran mai tafiya sannu. Shi ya sa ya sayar da rabon gonarsa ya sayi tsohon babur irin na tsere, ba don gayu ba. Wanda ya ga Tanimun da rawaninsa da buhunsa yana ɗigar ruwa, ya san babu gayu a wurin. Sai dai irin wannan babur matakinsa yana can baya, a sama, sai mutum ya naɗe ƙafa kamar mai zaman tahiya. Mai ƙorafi bai iya wannan ba.

3. Ya kai babur wurin Mas'udu makaniki a Konni. Sun gwada mataki na goran ruwa mai haƙora, wanda samari ke so, takalminsa ya riƙa maƙalewa. Sun gwada ɗan siriri, ya lanƙwashe. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wani mai faɗi na ƙarfe, mai roba, Mas'udu ya saukar da shi ƙasa, ya jawo shi gaba, ya ƙara wa sandar giya tsawo har yatsan ƙafa ya kai. Amortisar gaba kuma, wato ƙarafan nan biyu masu shanye gargada, ta asali gajera ce mai tauri, an yi ta ne don kwalta. A hanyar ƙauye kowane rami sai ya ji shi a gwiwa, ƙanƙara kuma ta farfashe. Aka sa masa doguwa mai laushi, wadda ta ɗan ɗaga gaban babur ɗin. Da wannan gyara ya ciyar da gidansa shekara uku bai roƙi kowa ba.

4. A watan Fabrairun bana wasu samari masu ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya suka buge wata yarinya. Kwamitin masu babura na tasha, ƙarƙashin Malam Maman Sani, ya yanke cewa duk babur ɗin da aka ɗaga gabansa ko aka sauya matakinsa za a kwance kayan a ajiye. Mai ƙorafi bai ga laifin wannan doka ba. Shi ma yana da 'ya mace, kuma ya je gaida yarinyar.

5. Ranar Litinin, 27 ga Maris, cikin makon farko na azumi, 'yan kwamiti suka tare shi a bakin tasha yana ɗauke da kaya. Ya sauka, ya ɗage wando ya nuna masu gwiwar a bainar jama'a, abin da bai taɓa yi ba. Sun tausaya, wannan gaskiya ne, har ɗaya ya ba shi benci. Amma suka ce doka ba ta ware kowa ba. Suka kwance matakan biyu da sandar giya da amortisar yana kallo, suka kulle a ɗakin ajiya. Ƙanƙarar ranar ta narke a gabansa, rana tsaka, shi da azumi a baki.

6. Ya je wurin Malam Maman Sani, aka ce sai kwamiti ya zauna. Ya koma, aka ce kwamiti ba ya zama cikin azumi, ya bari sai bayan salla. Ranka ya daɗe, bayan salla wa ke neman ƙanƙara kamar yanzu? Abin da yake samu a wannan wata shi ne hatsin gidansa har damina ta faɗi. Masu shaguna da yake kai wa sun fara karɓa a hannun wani, kuma ba za a ga laifinsu ba.

7. Da abin ya ishe shi, ya sa aka mayar da kayan asali, ya ce zai gwada. Ya ɗora ƙafa da ƙyar, bai bar ƙofar gida ba babur ya kayar da shi, 'ya'yansa suna tsaye. Tun ranar babur yana jingine a zaure. Wasila ce ke biyan mota ta kawo ɗan abin da za ta iya, ta ɗora kular ƙanƙara a ka ta zaga gari, shi yana zaune yana kallonta ta fita. Marubucin wannan takarda ya san Tanimun tun yana yaro, bai taɓa ganinsa haka ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ya daina ma fita hira.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙon Mai girma Magajin Gari ya sa baki, kwamiti ya zauna kafin azumi ya fita, a duba kayansa a mayar masa. Ba ya neman a hukunta kowa, ba ya neman diyya. Idan kuma doka ba za ta iya sakin duka ba, ya yarda a riƙe amortisar, gwiwa za ta jure gargada. Ya yarda a riƙe matakin dama. A taimaka a ba shi na hagu kawai, da sandar giyarsa, ya samu inda zai ɗora ƙafa.

Allah ya ƙara wa Mai girma lafiya da adalci, ya karɓi ibadarmu baki ɗaya.

Mai biyayya gare ku,

Tanimun Alkasum
(ya dangwala yatsa)

Wanda ya rubuta ya kuma karanta masa:
Zakariya'u Hakim