Zainabu Ba Ta Iya Gaida Inna Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya Inna da ciwon ƙafar nan tata? Mu nan unguwar Hindawiyya a Jidda lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Tun rasuwar kafilinmu, wanda ya tsaya mana a ƙasar nan, iƙamarmu ta izinin zama ta mutu. Yanzu takarda ta iso, ranar Laraba ni da 'yata Zainabu za mu tsaya gaban alƙali, ko a bar mu ko a maido mu gida.

Yaya, ba korar kaɗai nake tsoro ba. 'Yar nan tawa a Jidda na haife ta, bakinta Larabci ne, tana jin Hausa amma mayarwa sai da ƙyar. Jiya na zaunar da ita ina koya mata yadda za ta durƙusa ta gaida Inna. Sau biyu ta gwada, sai ta fashe da kuka, ta ce, "Halas, ya isa, Umma, ni ban san kowa a can ba."

A taya mu da addu'a, ka gaida kowa. In kuka gan mu, ta ce wa Inna "marhaba" daga tsaye, don Allah kada a yi mata dariya. Laifina ne, ba nata ba.

Ƙanwarka,
Hajara