Likita Ya Ƙi Yi wa Matata Aiki

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ni bakanike ne. Matata tana da ɗan maƙoƙo tun da daɗewa, bai taɓa damunta ba, har tsokanarta nake yi wai ƙwai ta haɗiye. To kwanan nan ya tashi kamar ana hura shi. Muryarta ta dushe, loma sai da ruwa take wucewa, sarƙar wuyanta ma ta cire. Aka soka allura aka gwada, sakamakon bai fito sarai ba. Aka sake ɗibar ɗan nama, sai likita ya ce sankara ce, wai limfoma. Na ce a yanke a cire. Ya ce ba za a yi aiki ba, magani za a riƙa sa mata ta jijiya, wataƙila a haɗa da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura.

Anti, ni fa na san wannan salon. Idan mota ta gama yawo, ba na ce wa mai ita ta mutu. Cewa nake kada a kwance injin, a canja mai a lallaɓa. Tun ranar ba ni da sukuni, sifana na hannuna ina neman sifana. Yayarta an cire mata nata maƙoƙon, ga ta nan garau. Ban gaya wa matata abin da na fahimta ba, dariyar dole kawai nake yi mata. Mako mai zuwa za a fara maganin, ni kuwa so nake in ɗauke ta mu nemi likitan da zai yarda ya yanka. In yi?

Bakanike Mai Zullumi

Malam Bakanike, sannu da jinya. Neman ra'ayin wani likitan ba laifi ba ne, tsoronka kuma na mai ƙauna ne. Sai dai ka saurari likita da kunnen gareji. Limfoma ciwo ne na ƙwayoyin garkuwar jiki, masu yawo cikin jiki, wuƙa ba ta tattaro su. Maganin jijiya da gashi su ne ainihin gyaran, kuma sau da yawa wannan ciwon yana jin magani, kumburin ya saɓe da wuri. Na yayarta da alama maƙoƙo ne zalla. Ban ga sakamakon matarka ba, don haka ba zan yi maka alkawari ba.

Kada ku bari ranar nan ta wuce. Kumburi mai saurin girma kusa da maƙogwaro ba ya jiran yawon asibitoci. In numfashi ya fara yi mata wuya, a kai ta nan take. Ku koma tare, ka tambayi likitan ƙeƙe-da-ƙeƙe ko warkewa ake nema ko sauƙi kawai.

Sannan ka daina dariyar dolen nan. Matar da ta daɗe tana jin yadda kake lallaɓa masu matattun motoci ta san wannan dariyar. Ina tsoron ta riga ta fassara fuskarka yadda ka fassara likita, ta yi shiru don kada hankalinka ya tashi. Ka zauna da ita yau ku yi magana. Allah Ya ba ta lafiya, Ya dawo mata da muryarta ta rama tsokanar ƙwan nan.