Ciwon Bayan Hannuna

Litinin, 7 ga Oktoba
Ƙarfen ƙofar mota ya yanke ni a bayan hannun dama. Na zuba man birki kamar yadda muke yi a gareji tun a Kumasi, na ɗaure da tsumma. Manaja bai gani ba.

Alhamis, 10
Bai kame ba. Wani jan nama mai gudaji-gudaji ke fitowa a ciki. Na kankare shi da reza, na ƙara mai.

Asabar, 12
Ya sake fitowa. Na sake kankarewa. Haka na Baba ya fara, a ɗan yatsan ƙafa, ƙarshenta sai da aka yanke daga gwiwa. Bakanike babu hannun dama, wa zai ajiye shi a garejin Ras Al Khor, nan ƙasar Larabawa? Tsoro nake ji, wallahi. Sifana ma ta faɗi daga hannuna sau biyu.

Lahadi, 13
Na je unguwar Karama wurin Ɗalhatu, Bakanon nan da ke aikin jinya, wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Da ya kwance tsumman sai ya ce, "Malam Sadick, kai ke rushe ginin da ake yi maka." Wai jan naman ba ruɓa ba ne, sabo ne. Jiki ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani; kowace sai ta kwafi abin da ke cikinta, ta rabe biyu, biyun su zama huɗu, har ramin ya cika. Ni kuwa kwana shida ina kashe su. Kunya kamar in nutse. Ya wanke, ya kai ni aka yi allura da gwajin suga. Ya ce in riƙa auna faɗin ciwon.

Talata, 15
Babu suga. Amma ban yarda ba tukuna.

Juma'a, 18
Na auna da rular gareji sau biyar. Santimita uku. Jiya ma uku. Ɗalhatu ya ce, "Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, ba walda ba ce." Shi me zai rasa?

Laraba, 23
Biyu da rabi. Ko rular ce ta karkace. Ƙaiƙayi kamar hauka, na zauna a kan ɗaya hannun don kar in sosa.

Talata, 29
Motoci huɗu yau, har da canjin giya. Ban ce na warke ba. Sai da nake alwalar la'asar, ruwa ya bi ta kan wurin, sannan na tuna yau ban auna ba.