Littafin da Na Bar wa Gazali

Malama Maryama, a taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Shekara uku da wata bakwai rabona da gida. Ni mutumin wani ƙauye ne gefen Kebbe, yanzu ina gadi a wata makarantar kuɗi a Fatakwal. A nan sunana Aboki. Ni ka buɗe ƙofa, ni ka sayo wa malamai ruwan leda, in an tashi ni ka goge allo. Ba wanda ya taɓa tambayar sana'ata ta da, ni ma ban faɗi ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina karantar da Turanci a makarantar da mutanen garinmu suka gina da hannunsu. Har gobe, can Malam Turanci ake ce min.

Bara ina shirin goge allon aji huɗu, sai idona ya faɗa kan darasin yadda aikatau ke bin mai aiki: "the boy plays, the boys play". Na ce a raina malamar ta yi kuskure, har na ji daɗi, Allah ya yafe min. Ni abin da na karantar shi ne, in masu aiki suna da yawa a sa wa suna harafin s, a sa wa aikatau ma, in ɗaya ne a hana su duka. Na buɗe littafin da ke kan teburinta na duba. Ita ce da gaskiya. Matar nan ko gaisuwata ba ta amsawa, amma ta san aikinta.

Na goge allon na fita. To, a wurinmu malami ba ya tafiya da littafin darasinsa, wanda ya gaje shi yake bar wa. Haka marigayi Malam Lauwali ya bar min nasa na kwafa. Ko daga wurinsa abin ya karkace, ko a hannuna, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa mamaci ba. Nawa na bar wa Gazali, ɗalibina na farko, wanda ya riƙe ajin bayana.

Makon jiya ɗiyata Kausar ta sa aka turo min hoton littafinta, tana murna, wai Malam Gazali ya gaya wa aji darasin babanta ne. Ba abin da ya canza, har misalin da na ƙirƙira da kaina, "the herders goes to market". Ya ba ta goma bisa goma. Saura wata biyu ta zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma makarantar kwana ta 'yan mata take hari.

Malama, ban da sunan nan ba abin da na bari a gida. Tsararrakina sun yi shaguna a Tambuwal, ni kuwa abin da ya rage min shi ne matata ta wuce a ce ga matar Malam. In na faɗi, majalisar bakin kasuwa ta samu abin dariya na shekara, Gazali kuma ya sha kunya kan laifin da ba nasa ba. Na yi tunanin in gyara wa Kausar ita kaɗai ta waya. Amma su talatin da ɗaya ne a ajin, kuma na san iyayensu duka.

Abin da na tara a nan ba yawa: kwana goma sha tara na hutu da ban ci ba, da darasi sittin da uku da na kwafe daga allo kafin in goge.

Tsohon malami, Fatakwal

AMSA

Malam, tsoronka ba na banza ba ne. Za a yi dariya, wasu ma waɗanda ka koya musu rubuta sunansu ne. Amma gyara wa Kausar a ɓoye ba zai ɓoye komai ba. Za ta rubuta daidai, Gazali ya buɗe littafinka ya soke mata, ka ga ka bar yarinya tsakanin babanta na waya da babanta na littafi.

Ka kira Gazali kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, ka ce masa kuskuren naka ne. Kafin nan ka sa ya turo hoton littafin shafi-shafi, don mai yiwuwa akwai wasu wuraren. Ka nemi wanda ya iya ya duba maka, ko da malamar nan ce. In ta ƙi, akwai wasu.

Sannan ka ci hutunka yanzu, ba bayan jarrabawa ba. Ka shiga ajin da kanka, Gazali yana gefe, ka rubuta tsohon misalinka, ka goge shi a gaban yara, ka rubuta daidai. Da haka kunyar ba za ta taɓa shi ba. Darussa sittin da ukun nan, a duba su, su zama sabon littafin da za ka bar masa.

Goge allo aikinka ne kullum a garin wasu, Malam. Saura na garinku. Allah ya kai ka lafiya, ya ba Kausar da sauran talatin ɗin sa'a.

Malama Maryama