Alhaji, Ina Ka Binne Mana Basiru?

Zuwa ga Alhajin da ke kwasar leburori da farar mota a bakin titin jirgin ƙasa, nan Agege ta Legas.

Assalamu alaikum. Na gaishe ka ne don addini ya ce a gai da Musulmi, ba don raina ya so ba. Ban sa sunanka ba, ka san kanka, unguwa ma ta san ka. Kawunmu ya yi ta sintiri zuwa ofishinka, kullum yaranka su ce oga ya fita. Shi ya sa na biyo ta inda kowa zai karanta.

Sunana Hajara, tela ce ni. Ni ce yayar Basiru, wanda ka ɗauka aikin yashe tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a wani gini wajen Ojo, bai dawo ba. Tunda ba ka tambaye shi ko shi ɗan wane ne ba, bari in gaya maka. Shi ne autan Inna. A Agege aka haife shi, a nan aka haifi babanmu. Yarbanci ya fi kwandastan motar haya ta danfo iyawa. Kullum sai ya shigo shagona ya cinye mini abinci, yana kirana Madam, yana cewa ɗinkina ne ya hana 'yan matan layinmu samun miji. Shi ke yanke wa Inna farce. Da aka ƙwace masa babur ɗin da yake okada da shi, ya ƙi zaman banza, ya sayi shebur ya tsaya cikin 'yan ci-rani. Laifinsa ke nan.

Ga abin da nake tuhumarka da shi.

Na farko, ka sa aka zura injin tsotsar ruwa cikin tankin, yana hayaƙi, sannan ka ce yaro ya sauka. Malam Idi, dattijon da ya yi aikin tare da shi, ya ce ya yi maka magana, ka ce masa wanda ke tsoro ya ajiye shebur, akwai masu jira. Basiru ya sauka. Da igiya aka fito da shi.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ka san al'adarmu, ba ma barin gawa ta daɗe, sai ka mai da ita mayafin ɓoye aika-aikarka. Ka ɗauka duk mai tsayawa da shebur a bakin titi baƙo ne daga wani ƙauyen Arewa, ba shi da kowa a Legas. Ka sa aka yi masa wanka a bayan ginin, ka aika aka sayo likkafani, leburori suka yi masa salla a tsaye cikin tulin yashi, ka ce su koma bakin aiki. Kai da direbanka kuka tafi da shi. Har gode maka aka yi, wai Alhaji ya suturta marar gata. Alhali wayarsa na aljihunsa, ka kashe ta. Da ka buɗe, da ka ga lambar Inna a sama.

Na uku, ka bar mu muna yawo. Asibitoci, ofishin 'yan sanda, har kasuwar Mile 12 kawu ya je yana nuna wa 'yan dako hotonsa. Sai da Malam Idi ya kasa riƙewa, ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu, ya durƙusa a gaban Inna yana kuka. Shi ma bai san inda kuka kai shi ba.

Na ji kana cewa ƙaddara ce. Mun san ƙaddara, mun binne babanmu ba mu tuhumi kowa ba. Amma ba ƙaddara ce ta kashe wayar ba, hannunka ne.

Kada ka aiko mana da buhun shinkafa, za mu mayar maka da shi. Inna ba maƙabarta za ta shiga ba, amma tana so ta san wadda ɗanta ke ciki, ta aika kawu ya tsaya a kansa ya yi masa addu'a. Tun ranar da Malam Idi ya zo ta daina tambayar komai sai wannan. Don haka ka zo da kanka, a gaban limaminmu da dattawan unguwa, ka faɗi abin da ya faru, ka ɗauki mazan gidanmu ka nuna musu kabarin. In ka ƙi, na rantse duk safiya zan tsaya inda kake faka motarka, in gaya wa kowane lebura yadda kake sallamar wanda ya mutu a aikinka, da Hausa da Yarbanci.

Ba mu yafe ba, kuma ko ka nuna ba za mu yafe ba. Inna ta ce Allah ya isa, ni ma na ce amin. Addu'ata gare ka ita ce Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye maka hankalinka, kada ya ɗauki ranka sai ka kai mu wurin. Bayan nan, ya yi maka abin da ka cancanta.

Wassalam.

Hajara, yayar Basiru, a madadin mahaifiyarsa.